Jinyar Da Aka Yi Mini Ina Lafiya Lau

Ni dai tsufa bai zo mini da baƙin ciki ba. Na san matan da in suka ga furfurar farko sai su tsige ta suna tsaki, ni kuwa ranar da na ga tawa har guɗa na so in yi. A wani ƙauye kusa da Bukkuyum na yi zaman aure, gidan malamai masu kulle. Shekara da shekaru ina jin hayaniyar masu wucewa kasuwa ta bayan katanga, kukan jakuna, ƙarar babura, muryar masu tallar nono, amma kasuwar kanta ban taɓa sa ƙafa a cikinta ba. Maigidana, Allah ya jiƙansa, bai taɓa zagina ba, bai kuma bar ni da yunwa ba. Sai dai ƙofar gida tasa ce. Ko suna za ni ko gaisuwar mutuwa, sai da izininsa, sai da 'yar rakiya, sai kuma magariba ta wuce.

Da ya rasu na fita takaba, 'ya'ya duk sun yi aure, kaina ya yi fari fat. Wata ranar kasuwa da hantsi na yafa mayafi na fito zaure, na ɗan tsaya ina jiran in ji an ce ina za ki. Ba wanda ya ce. Ƙanen maigidan yana zaune a dakali, ya ɗago kai ya gaishe ni, ya ci gaba da tufkar igiyarsa. A nan na gane ashe tsohuwa ba ta da mai tsaronta. Na kama hanya ina tafe ina murmushi ni kaɗai.

Daddawar batso, wadda ake yi da 'ya'yan yakuwa, na iya tun ina yarinya, ita na kama sayarwa. Na sami wuri a gindin wata tsamiya, tsakanin mai kuka da busasshiyar kuɓewa da wata Bafulatana mai man shanu, wadda ta koya mini zagi da Fillanci tun kafin ta koya mini gaisuwa. Kada ku ɗauka ribar daddawa ce take kai ni. Daɗin tsufa nake zuwa sha. In na zo tasha, kwandasta da kansa zai ce a tashi a ba Inna gidan gaba. In na bi ta wajen mahauta, sai an yanko mini 'yar hanta an ce in taɓa. Na taɓa tare sarkin kasuwa a gaban mutane na ce masa kwatar da ke bayanmu ta hana mu numfashi, ya yi dariya ya ce tsohuwa ta fi ƙarfinsa, aka zo aka yashe ta. Da ina da ƙuruciya na faɗi rabin haka, da kafin in isa gida ƙarata ta riga ni. Goro kuwa a fili nake ɓare shi in tauna son raina. Jikokina maza in ce musu angwayen banza marasa cefane, su ce sun sake ni tun bara ni ce na ƙi tafiya.

Aikin da ya fi mini duka shi ne jego. Duk macen da ta haihu a danginmu, daga Bukkuyum har Gummi inda autata ke aure, ni ake aiko wa. In ɗaure 'yan tsummokarana in tafi in zauna har a yi arba'in. Ni ke hura wuta ƙarƙashin babbar tukunya, in tsoma ganyen dogon yaro in fyaɗa wa mai jego ruwan zafi, tana ihu ina ce mata ai ba ni na aike ki ba. Ni ke dama kunun kanwa, ni ke wanke jariri in gasa masa cibiya. Muddin ina gidan ba mai ɗora magana a kan tawa, shi kansa angon ƙarnin sai ya yi sallama ya jira izinina kafin ya leƙa ɗakin matarsa.

Babban ɗana shi ne ɗan fari, saboda haka ban taɓa kiran sunansa ba, ba mu kuma saba doguwar hira ba. In ya shigo gaishe ni, yana duban ƙasa ina duban bango, haka muka taso muka ga ana yi. Lokacin da haƙar zinari ta tashi a ƙasar Anka, ya kwashi iyalinsa ya koma wajen Tungar Daji. A cikin gidaje ake daka duwatsun, mata na niƙa, yara na birgima a cikin garin, ba wanda ya san akwai gubar dalma a ciki. Sai yara suka fara shiɗewa suna jijjiga. 'Yarsa ƙarama, wadda ta fara tafiya ke nan, tana cikin waɗanda suka rasu. Daga baya likitoci suka zo, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, aka yi ta auna jinin yara. Shi kuwa ya rabu da duwatsu, ya dawo cikin garin Anka ya buɗe shagon hatsi. Amma tun daga nan ko atishawa wani ya yi a gidansa sai ka ga fuskarsa ta sauya.

Wata bazara na je Anka duba su, da niyyar in ɗan kwana biyu in koma kafin ranar kasuwa. Na fito gida ban karya ba, goro kawai na jefa a baki. Bas ta yi ta tsaye-tsaye, rana ta dake ni sosai. Na isa na zauna a tabarma muka gaisa da surukata, da na miƙe zan yi alwala sai na ga duhu, na dafa bango na koma na zauna. Abin da ya faru ke nan, ba ƙari ba ragi. Rashin sa'a, daidai lokacin shi kuma yana shigowa.

"Mi yas same ta?" ya tambayi matarsa, don ni ba ya tambayata kai tsaye.

"Yunwa ta," na ce, ina duban ƙasa. "A dama mani hura in sha."

Ban ga furar nan ba sai da aka kai ni asibiti. Muka tarar da wata malamar asibiti, Kirista ce daga Filato, ta daɗe a Anka har ta iya gaisuwarmu. Ta ɗaura mini abin awo a dantse, ta gwale idona ta duba, ta sa aka ɗebi jini a ɗan yatsana. Sannan ta tambaye ni abin da na ci tun safe. Na ce goro. Ta kwashe da dariya ta ce, "Mama, jininki ya fi nawa kyau. Ki je gida ki ci tuwo, ki sha ruwa, ki daina yawo cikin rana ba ki ci komai ba." Na ji daɗinta har na yi ta sa mata albarka.

Ɗana kuwa ya murtuke fuska. A wajenmu in aka je asibiti aka dawo babu allura, babu ƙarin ruwa, babu ko ƙwayar magani a leda, to ba a duba mutum ba, raina shi aka yi. A hanya na ji yana ce wa wani abokinsa ko taɓa ni ba su yi ba. Da la'asar sai ga shi da wani mai kemis na bakin kasuwa, rataye da jaka. Mutumin ya matsa fatar hannuna, ya girgiza kai, ya ce jikina ya bushe, ba a barin tsoho haka. Ya nemi ƙusa ya kafa a bangon ɗakin da aka sauke ni, ya rataya ledar ruwa. Na ce a raina, leda ɗaya ce, bari a sa hankalin yaron nan ya kwanta. Na ba da hannu.

Abin da ban kawo a raina ba shi ne 'yan dubiya. A ƙasarmu in aka ce wance ba ta jin daɗi, Allah ya sawwaƙe ake cewa a wuce. In aka ce an sa mata ruwa, to magana ta girma, wanda duk bai zo ba ya yi abin kunya. Kafin ledar ta ƙare maƙwabta sun cika ɗakin. Washegari 'yan ƙauyenmu suka ciko mota, da ƙwaryar fura, da lemo, da gwangwanayen madara. Kowa ya zauna ya lanƙwasar da wuya ya ce ya jiki. In na ce lafiyata lau, sai su dubi juna su ce mutanen da akwai dauriya. In na yi shiru don haushi, su ce Allah sarki, ko magana ba ta iyawa. Wata ta dube ni ta ce na rame ƙwarai, ni da na cinye furar mutum uku a zaune.

Kowa kuma in zai fita sai ya tsaya ya yaba wa ɗana. Allah ya ba mu ɗa irin naki, ya bar shago ya tsaya a kan uwarsa. To ku gaya mini, da wane baki zan ce a gaban mutane ba abin da ke damuna? Na ƙaryata shi ke nan, na ce albarkar da yake nema ba zan ba shi ba. Sai na riƙa amsawa da sauƙi, da sauƙi, ina jira 'yan dubiya su ƙare in tattara kayana. Ba su ƙare ba. Wanda bai ji da wuri ba ya zo daga baya da ban haƙuri, wanda ya zo da wuri ya dawo ya ga ko an sami ci gaba.

Kuma kowa sai ya bar doka kafin ya tafi. Wannan ya ce gishiri ne ke kashe tsofaffi, aka cire mini gishiri. Wancan ya ce goro na sa jiri, aka kwashe gorona. Aka hana man shanu, aka hana hawa babur, har daddawa, daddawar da da hannuna nake yinta, wani mai ilimi ya ce tana hau da jini. Surukata yarinyar kirki ce, ban taɓa kama ta da mugun nufi ba, abin da mijinta ya ce shi take yi. Ta kawo mini tuwo da miya salam, in taɓa loma biyu in ture. Da yamma ya tambaya, ta ce Inna ba ta ci ba. Sai a kira mai kemis ya rataya wata ledar, tunda ba na cin abinci. In na yi barcin rana don rashin abin yi, a ce kasala ce, a kira shi. In na ƙi barcin ina zaune ina tsaki, a ce ciwo ya hana ni sukuni, a kira shi. Bayan hannuwana duka biyu suka yi baƙi da sawun allura.

Ƙawata Bafulatana ta zo sau ɗaya. Ita kaɗai ce ta shigo ba ta lanƙwasar da wuya ba. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce wane ciwo ke gare ki, tashi mu tafi, ana nema a cinye miki wuri. Ta cusa mini goro biyu a ƙarƙashin filo. Surukata ta ji, ta gaya wa mijinta cikin ladabi, daga ranar aka ce hayaniya ba ta yi wa Inna kyau, a riƙa tace masu shigowa.

Damina ta sauka ta ɗauke ina ɗakin nan. Kullen gidan miji ko ba komai ina daka, ina jan ruwa a rijiya, ina shara, in dare ya yi in kwanta da gajiyar da na san dalilinta. A nan ko tsintsiya na ɗauka sai an zo da gudu an karɓe. Buta ma ɗaukar mini ake yi har ƙofar makewayi. Suka so in riƙa salla a zaune, wannan kam na ƙi, na ce wanda ya ba ni ƙafafun shi zan tsaya wa. Na ji takaici irin wanda ban taɓa ji ba. Wani lokaci sai in juya fuskata bango in yi kukana a hankali, don in aka ji ni na san wanda za a kira.

Da kaka ta yi, ana cikin yankan gero, sai waya ta zo daga Gummi: autata ta sauka, an sami mace. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Na jawo jakata na fara ninke zannuwa, ina lissafa abin da za a nemo, kanwa, kayan yaji, itacen da zai isa wanka. Ina cikin haka na ji tsayuwar ɗana a bakin ƙofa.

"Ki ce ma Inna ta aje kayan nan," ya ce wa matarsa. "Ba ta tahiya. Hanya ba lahiya, ita ma ba lahiya. Na aika Gwaggo ta tahi ta zamna da ita."

Gwaggon nan ƙanwar ubansa ce, matar da ko kunu ta dama sai ka tauna gudaji. Ita za ta yi wa 'yata wanka. Ɗan fari ne, ga matarsa tsaye, ga 'ya'yansa suna kallo, ban saba ce-in-ce da shi ba. Ya juya ya tafi masallaci, na zauna da zane a hannu.

Ana gobe suna na yanke shawara. Na bari ya tafi shago, surukata ta shiga wanka, na yafa mayafi na ɗauki ƙullina na sulale ta zaure. Ni da furfurata, ina sanɗa a gidan ɗan da na haifa kamar ɓarauniyar kaza. Daga gidan zuwa tasha ba nisa, a da da kwanon daddawa a ka zan yi tafiyar ina hira. Ranar kuwa ban wuce lungu biyu ba gwiwoyina suka kama rawa. Numfashi ya gagare ni, ƙirjina na bugawa, tafin ƙafata kamar ba nawa ba. Na lallaba na kai wani famfon tuƙa-tuƙa na zauna a bakin simintinsa. A nan tsoro ya kama ni na gaskiya, don wannan karon ba yunwa ba ce. Watannin da na yi a kwance sun cinye mini ƙafafu.

Na ce ba komai, babur zai kai ni. Na ɗaga wa wani ɗan kabu-kabu hannu, magidanci ne har da furfura a gemu.

"Tasha za ka kai ni, motar Gummi."

Ya ƙura mini ido. "Ba ke ta innar mai hatsi ba? Wadda aka sa ma ruwa?"

"Ni ta. Ruwan ya ƙare. Mu tahi."

"Haba Inna, ki yi mani rai. In kin hwaɗi bisa hanya, mi za ni ce mashi?"

Na ce ba ɗana zai biya ba, ni zan biya, kuma ba shi ya haife ni ba. Sai ya ce to hau. Ya kama hannuna na hau, har ina sa masa albarka. Sai na ga ya karya kan babur ya nufi inda na fito. Na dinga dukan bayansa, na zazzage masa duk zagin Fillancin da na iya, shi kuwa sai haƙuri yake ba ni yana ƙara wuta. Mutane suka tsaya a bakin hanya suna kallon tsohuwa tana dukan ɗan kabu-kabu tana wani yare. Na ji wata na cewa Allah sarki, ciwon ya taɓa kanta. Ashe duk garin Anka masu gadina ne.

Kafin in gama sauka an kira ɗana daga shago. Ya iso a guje, mai kemis na biye da jakarsa. Aka shigar da ni ɗaki, mutumin ya fara warware igiyar ledarsa. A nan kunyar ɗan fari ta fita daga idona. Na ɗaga kai na dubi fuskarsa, abin da rabona da yi tun yana goye.

"Kai, dube ni," na ce. "Ni nih haihe ka. Ƙahwahun da niz zo da su garin ga lahiyarsu lau, kai kak kashe mani su. Ubanka ya kulle ni ina da ƙuruciya, niy yi haƙuri don na san tsuhwa na nan tahe. Ga tsuhwan ya zo, kai kuma ka kulle ni. Yanzu mi za ni jira? Kabari?"

Surukata ta ja yara ta fita. Mai kemis ya tsaya da igiya a hannu ya rasa inda zai sa idonsa. Ɗana ya durƙusa a bakin ƙofa, ya cire hula ya riƙe.

"Inna," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "waccan da tas soma zahin jiki, cewa niy yi haƙora na. Nib bari sai gobe. Da gobe tay yi nic ce sai mun ƙare wankin dutsi. Ran da niɗ ɗauke ta za mu asibiti, bisa babur tac cika, ga hannuna." Ya share fuska da hular. "Ba ni ƙara jira, Inna. Ko tsine mani za ki yi, ba ni ƙara jira."

Ban taɓa jin wannan ba. Na san yarinyar ta rasu, na je gaisuwa, na ga ya daure kamar yadda maza ke daurewa, na ɗauka ya wuce. Ashe duk ledar da ake rataya mini ba tawa ba ce, ta jikata ce da ba a kai ga sa mata ba. Ban yarda ina da ciwo ba, har yau ban yarda ba. Amma na ga in na janye hannuna a ranar, shi ne zai kwanta. Na miƙa wa mai kemis hannun, ya yi ta laluben jijiya da ƙyar ya samu.

Aka yi suna ba ni. Aka aiko da nama daga Gummi, aka ce jan nama bai dace da ni ba, ƙamshinsa kawai na ji daga madafa. Na daina faɗa, na daina tsaki. Mutane suka ce alhamdu lillahi, Inna ta sami natsuwa.

Da suka yi arba'in, autata ta fito yawon gaida dangi kamar yadda aka saba, ta fara da Anka. Tana shigowa na ga wankan bai gasa ta ba, duk ta yi fari ta saki. Ta durƙusa ta gaishe ni, idonta na kan bayan hannuna. Na miƙa hannu biyu in karɓi jaririyar, sai ta ɗan yi jim, ta shimfiɗa zane ta kwantar da ita a gefena.

"Tana da nauyi, Inna, kar ta gajiyar da ke."

Ni da na wanke ita kanta uwar ranar da ta zo duniya. Na buɗe 'yar rigar na duba cibiya, na ga dai Allah ya rufa asiri ta warke. Na tambayi sunan da aka sa mata, don a waya an yi ta kewaye-kewaye.

Ta sunkuyar da kai. "Inna munka ce mata."

Sunana ke nan aka sa, shi ya sa ba za ta iya faɗa ba. Daɗi ya kama ni har na ɗan yi wa takwarar tawa kirari. Sai kuma na tuna wani abu. Maza autata ta yi ta haifa, kuma kowa ya san tun tuni an yi wa uwar mijinta alkawarin mace ta farko.

"To uwar mijinki hwa? Ba ita anka yi ma alkawari ba?"

"Ita da kanta tac ce a bar maki," ta ce. "Tac ce ita tana iya jiran ta gaba, tunda ke..."

Ba ta ƙarasa ba, ta sa bakin mayafi ta toshe bakinta, hawaye na zuba. Na dube ta, na dubi surukata da ta kau da kai. Ashe a Gummi an gama da ni. An zauna an yi shawara, an ji tausayina, an yi sauri an ajiye sunana kafin mai shi ta tafi. Ba wanda ya yi don mugunta, kuma wannan ne ya fi ci mini rai, don ba ni da wanda zan zaga.

"Miƙo mani zane," na ce.

Suka fara haba Inna, don Allah Inna. Na ce wadda duk ta taɓa ni ban yafe ba. Na sunkuya, na ɗora yarinyar a bayana, na ɗaure zane na ƙara majanyi. Hannuwana ba su manta ɗaurin ba. Na dafa bango na miƙe. Na ratsa tsakar gida a hankali, su biyun na biye da ni da hannuwa a buɗe kamar masu tare ɗan koyon tafiya. A zaure na ci karo da ɗana, ya dawo cin abincin rana.

"Matsa," na ce.

Ya dube ni, ya dubi ɗan kan da ke leƙowa ta bayan kafaɗata. Ya raɓe jikin bango na wuce. Ina tafe ina jin takunsa a bayana, da na waiga sai na ga ya ɗauko kujera 'yar tsuguno ya riƙe a hannu, babban mutum mai shago, yana bin uwarsa a titi da kujera.

Na wuce lungu na farko, na wuce na biyu, na dage har bakin babban titi. A nan ƙafafun suka ce sun gama. Kafin in nemi wurin dafawa ya riga ya ajiye kujerar, na zauna, yarinyar na barcinta a bayana. Iska ta buge ni, na ji ƙamshin ƙosai da hayaƙin babura, na ga mutane na ta harkarsu ba wanda ya ce mini ya jiki.

Sai ga wata bas ta taho, kwandasta ya leƙo rabin jikinsa waje yana kiran Bukkuyum, Gummi, Bukkuyum. Hannuna ya ɗaga da kansa, ban sa shi ba. Direba ya taka birki, motar ta tsaya a gabana.

"Inna, ina zuwa?" in ji kwandasta.

Ɗana na tsaye a bayana, ko numfashinsa ba na ji. Bai hana ni ba. Na dubi matakin motar, na dubi ƙafafuna da suke ta rawa a ƙasa.

"Ba ko'ina," na ce. "Ku sauka lahiya."